Yadda Ake Warware Tambayoyin Makamashin Cire Elektaron, Mataki-Mataki

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, tambaya ɗaya ce ke yawan dawo mini daga 'yan ajin kimiyya: "Malam, in aka jero mini lambobi biyar aka ce in faɗi rukunin da sinadari yake, ta ina zan kama?" Wasu kuma sun haddace cewa makamashin cire elektaron, wato abin da littafinku ke kira ayonizeshon enaji, yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama a teburin sinadarai, amma da zarar an kawo boron ko oksijin sai lissafi ya dagule musu. Abin da na lura shi ne yawancin ɗalibai daga tsakiya suke fara amsa. Aikin yana da jeri, kuma wanda ya bi jerin ba ya buƙatar hadda mai yawa. Ga shi nan yadda nake so ka riƙa bi.

Kayan da za ka tanada

Teburin sinadarai, ko da wanda ke bayan littafinka ne. Fensir da magogi, saboda za ka zana akwatuna ka goge. Takardar giraf guda biyu ko uku. Kalkuleta mai maɓallin log, in babu kuma littafin log na lambobi huɗu ya wadatar. In ka cire kalkuleta, wadda za ka iya ara, sauran duka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kada rashin ɗakin gwaji a makarantarku ya karya maka gwiwa, wannan babi da takarda da fensir ake cinye shi.

Sai ka kwafi waɗannan lambobi a bangon littafinka na rubutu. Makamashin cire elektaron na farko ne na sinadarai 20 na farko, a ma'aunin kilojul kan kowane mol (mol ɗaya atom 6.02 × 10²³ ne):

H 1312, He 2372
Li 520, Be 899, B 801, C 1086, N 1402, O 1314, F 1681, Ne 2081
Na 496, Mg 738, Al 578, Si 787, P 1012, S 1000, Cl 1251, Ar 1521
K 419, Ca 590

Ba haddace su nake so ka yi ba. Na gwaji ne, domin duk abin da na faɗa a ƙasa ka duba da idonka ka ga ko haka ne. Wani littafin zai sa 900 a wurin 899, ko 786 a wurin 787, wannan ba kuskure ba ne.

Mataki na 1: Ƙirga furoton da elektaron

Lambar atom ita ce adadin furoton da ke cikin cibiya. Idan atom ba shi da caji, elektaron ɗinsa daidai suke da furoton. Sodiyam lambarsa 11, saboda haka furoton 11, elektaron 11. Idan ayon ne, wato atom mai caji, sai ka gyara: Na⁺ ya rasa ɗaya, saura 10. O²⁻ ya ƙaru da biyu a kan 8, ya zama 10.

A kula: kada ka ɗauki lambar nauyi a maimakon lambar atom. A alamar sodiyam za ka ga 23 da 11. Ta 23 jimillar furoton da niyutiron ce, kuma niyutiron ba shi da caji, babu ruwansa da wannan lissafi. Haka nan caji ba ya taɓa adadin furoton. Na⁺ furoton ɗinsa 11 ne har gobe.

Mataki na 2: Rubuta jerin elektaron kafin komai

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ke riƙe da duk sauran. Ko tambayar ba ta ce ka rubuta ba, ka rubuta a gefen takarda.

Rubuta shi iri biyu. Na farko jerin zagaye: zagaye na farko yana ɗaukar elektaron 2, na biyu 8, na uku 8 muddin ba ka wuce kalsiyam ba. Sodiyam 2,8,1 ke nan, kulorin 2,8,7. Na biyu jerin ƙananan zagaye, wanda ake cikawa kamar haka: 1s, 2s, 2p, 3s, 3p, 4s, 3d. Kowane s yana ɗaukar 2, p yana ɗaukar 6, d yana ɗaukar 10. Alminiyam mai elektaron 13 zai fito 1s² 2s² 2p⁶ 3s² 3p¹. Haɗa ƙananan lambobin sama ka ga ko sun ba ka 13. In ba su ba ka ba, ka koma.

Daga nan sai ka zana akwatuna ga ƙaramin zagaye na ƙarshe kawai. Akwati ɗaya ga s, uku ga p. Kowane akwati obital ɗaya ne, yana ɗaukar elektaron biyu masu kibiya ɗaya sama ɗaya ƙasa. Dokar Hund ta ce sai kowane akwati ya samu ɗaya kafin a fara haɗa biyu. Naitirojin, 2p³, akwatuna uku kowanne da kibiya ɗaya. Oksijin, 2p⁴, akwatin farko ya samu biyu. Riƙe wannan zane, za mu dawo kansa.

A kula: fotasiyam 2,8,8,1 ne, ba 2,8,9 ba, saboda 4s na cika kafin 3d. Kuromiyam da tagulla kuma sun saɓa wa jerin: Cr yana ƙarewa da 3d⁵ 4s¹, Cu da 3d¹⁰ 4s¹. Sannan idan ana cire elektaron daga irin su baƙin ƙarfe, na 4s ne ke fara fita duk da cewa shi ya fara cika. Fe²⁺ yana ƙarewa da 3d⁶.

Mataki na 3: Rubuta ma'ana da ikweshon yadda mai duba takarda ke so

Makamashin cire elektaron na farko shi ne makamashin da ake buƙata domin cire elektaron ɗaya daga kowane atom a cikin mol ɗaya na atom ɗin da ke yanayin gas, a samar da mol ɗaya na ayon mai caji +1, shi ma a yanayin gas. Abubuwa uku ne ke kawo maki a nan: mol ɗaya, yanayin gas, elektaron ɗaya. Ka bar ɗaya, maki ya ragu.

Na farko: Mg(g) → Mg⁺(g) + e⁻
Na biyu: Mg⁺(g) → Mg²⁺(g) + e⁻

A kula: ikweshon na biyu daga Mg⁺ yake farawa. Duk wanda ya rubuta Mg(g) → Mg²⁺(g) + 2e⁻ ya ce na biyu ne, ya faɗi. Wannan jimillar na farko da na biyu ce, wato 738 a tara da 1451, ya ba da 2189. Kada kuma ka manta da ƙaramin g ɗin nan. Magniziyam daskararre ne a ɗaki, kuma mayar da shi gas wani makamashi ne daban da ba ya cikin wannan lissafi. Alamar lambar kullum tarawa ce, domin cibiya ba ta sakin elektaron kyauta, sai an biya.

Mataki na 4: Yi wa atom tambayoyi uku

Idan aka ba ka sinadarai biyu aka ce wanne ya fi, ajiye jerinsu gefe da gefe ka tambaya. Furoton nawa ne a cibiya? Elektaron ɗin da za a cire, a zagaye na nawa yake? Zagaye nawa ne cikakku a tsakaninsa da cibiya, suna tare masa jan da take yi?

Ka tuna masu jin ɗumi da hunturu. In an ƙara itace, wuta ta fi kai wa kowa. Wanda ya zauna nesa ɗumi kaɗan yake samu, wanda kuma mutane suka yi sahu a gabansa sun tare masa. Furoton su ne itacen, nisan zagaye shi ne wurin zama, elektaron na ciki su ne masu tarewa. Elektaron ɗin da jan cibiya ke isa gare shi da ƙarfi, shi ne mai wuyar cirewa.

Daga hagu zuwa dama a layi ɗaya, furoton na ƙaruwa, zagaye bai canja ba, masu tarewa ma kusan ba su canja ba. Shi ya sa aka tashi daga 496 a sodiyam aka kai 1521 a agon. Daga sama zuwa ƙasa a rukuni ɗaya kuwa, ana ƙara sabon zagaye kowane hawa: litiyam 520, sodiyam 496, fotasiyam 419, har a kai siziyam 376. Dubi kuma abin da ya faru tsakanin niyon da sodiyam. Furoton ɗaya kacal aka ƙara, amma lambar ta faɗo daga 2081 zuwa 496, saboda elektaron na 11 ya buɗe sabon zagaye shi kaɗai, da elektaron 10 a gabansa.

A kula: "ya fi furoton yawa" ba amsa ba ce ita kaɗai. Fotasiyam na da 19, sodiyam na da 11, amma na fotasiyam ne ya fi sauƙin cirewa. A rukuni, nisa da tarewa sun rinjayi ƙarin furoton, kuma dole ka rubuta haka ƙarara. Amsar da nake so in gani tana ambaton dukkan ukun, ko da ɗaya daga cikinsu cewa za ka yi bai canja ba.

Mataki na 5: Duba ramuka biyu na layi na biyu da na uku

Nan gizo ke saƙa. Koma kan lambobin da ka kwafa, ka bi layi na biyu da yatsa. Daga 520 an hau 899, sai aka sauko 801. An hau 1086, an hau 1402, sai aka sake saukowa 1314. Layi na uku ma haka: 738 ya sauko 578, sannan 1012 ya sauko 1000. Wurare biyu ne a waɗannan layuka biyu, tsakanin rukuni na 2 da na 3, da tsakanin na 5 da na 6. Dalilansu kuma daban-daban ne, kada ka cakuɗa su.

Rami na farko, na boron da alminiyam. Beriliyam yana ƙarewa da 2s², boron da 2s² 2p¹. Elektaron ɗin da za a cire wa boron a p yake, kuma p ya fi s na zagaye ɗaya hawa a matakin makamashi, sannan biyun da ke s suna ɗan tare masa cibiya. Saboda haka ya fi sauƙin fita, duk da boron ya fi beriliyam furoton ɗaya. Alminiyam da magniziyam labarinsu ke nan, sai dai ka sa 3s da 3p.

Rami na biyu, na oksijin da sulfa. Yanzu ɗauko akwatunan da ka zana. A naitirojin kowane elektaron na p yana akwatinsa shi kaɗai. A oksijin na huɗun dole ya shiga akwatin da akwai wani a ciki, kuma dukansu cajinsu ɗaya, suna ture juna. Wannan turereniya ce ke sauƙaƙa cire ɗaya daga cikinsu. Fosfaras da sulfa haka, sai dai tazararsu ƙarama ce ƙwarai, 12 kacal.

A kula: da yawa suna rubuta cewa naitirojin "rabin cike yake, ya fi zama daram" su yi shiru. Wasu masu dubawa suna karɓa, amma ni ban gamsu da ita ita kaɗai ba, domin ba ta faɗi abin da ke faruwa da elektaron ɗin da aka cire ba. Rubuta ta in kana so, sannan ka ƙara da maganar elektaron biyu a obital ɗaya suna ture juna. Kada kuma ka kawo maganar turereniya a boron, elektaron ɗinsa na p shi kaɗai ne a akwati.

Mataki na 6: Nemo babban tsalle a jerin lambobi

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini. An ba ka makamashin cire elektaron na farko, na biyu, na uku, har gaba, na sinadari guda da aka ɓoye sunansa. A ce M ne, lambobinsa kuma: 578, 1817, 2745, 11577, 14842.

Da farko ka sani kowace lamba dole ta fi wadda ta gabace ta. Furoton ba su ragu ba, elektaron ne ke raguwa, don haka waɗanda suka saura an fi riƙe su. Ƙaruwa kawai ba labari ba ce. Abin da kake nema shi ne inda ƙaruwar ta wuce misali, domin nan ne zagayen waje ya ƙare aka faɗa na ciki.

Raba kowace lamba da wadda ta gabace ta:

1817 ÷ 578 = 3.1
2745 ÷ 1817 = 1.5
11577 ÷ 2745 = 4.2
14842 ÷ 11577 = 1.3

Mafi girma 4.2 ne, tsakanin ta uku da ta huɗu. Ƙirga lambobin da ke kafin tsallen: uku. Elektaron uku ne a zagayen waje, M yana rukuni na 3, wanda a sabon lissafin rukuni 18 ake kira 13. Daga nan sauran amsoshi suke zubowa da kansu: ayon ɗinsa M³⁺, da kulorin ya ba da MCl₃, da oksijin M₂O₃.

Na zaɓi wannan misali da gangan saboda tarkon da ke cikinsa. Mai gaggawa zai ga 578 ya koma 1817, ninki uku, ya ce ga tsalle, ya rubuta rukuni na 1. Abin da ya faru a wurin shi ne an gama da 3p¹ an shiga 3s², ƙaramin tsalle ne a cikin zagaye ɗaya. Kwatanta da rukuni na 1 na gaskiya: sodiyam daga 496 zuwa 4562 yake tafiya, ninki tara da ɗoriya. Saboda haka ka gama raba duka kafin ka yanke hukunci. In biyu sun yi kusa da juna, duba bambancinsu ma: a nan na farko 1239 ne, na ukun kuwa 8832.

A kula: kada ka dogara da ɗebewa kaɗai. Can gaba a jerin sodiyam akwai 20117 da 25496, bambancinsu ya haura 5000, ya fi na tsallen farko da bai wuce 4066 ba, alhali duk a zagaye ɗaya suke. Rabawa ce ke tona wannan, domin 1.3 kawai za ta ba ka.

A kula kuma: lambobin da ke kafin tsalle ake ƙirgawa, ba lambar da tsallen ya sauka a kanta ba. Masu rubuta rukuni na 4 a misalin sama nan suke zamewa.

Akwai abin da tsallen ba zai faɗa maka ba, wato layin da sinadarin yake. Boron lambobinsa 801, 2427, 3660, 25026, shi ma tsallensa bayan ta uku ne. Rukuni ɗaya, layi daban. Amma M namu ba zai zama boron ba, saboda boron elektaron 5 gare shi gaba ɗaya, kuma lambobinsa na huɗu da na biyar na zagayen farko ne, masu girma ƙwarai. Idan kuma ka raba duka ba ka ga tsalle ba, kada ka ƙirƙiro shi. Lambobi biyar na farko na oksijin su ne 1314, 3388, 5300, 7469, 10990. Iyakar abin da za ka ce shi ne elektaron ɗin waje sun kai aƙalla biyar. Sai an kawo ta shida, 13327, da ta bakwai, 71330, sannan rukuni na 6 ya bayyana.

Mataki na 7: Zana giraf da log

Idan aka ba ka jerin atom gaba ɗaya, lambobin ba za su shiga takardar giraf ba. Na sodiyam sun fara daga 496 sun ƙare a 159076. Shi ya sa ake ɗaukar log ɗin kowace. Danna log, sa lambar, rubuta da gurbi biyu bayan ɗigo. Na sodiyam za su fito haka: 2.70, 3.66, 3.84, 3.98, 4.13, 4.22, 4.30, 4.41, 4.46, 5.15, 5.20.

A layin kwance sa adadin elektaron da aka cire, 1 zuwa 11. A na tsaye sa log, ka fara daga 2.5 domin kada rabin takarda ya tafi a banza. Za ka ga ɗigo ɗaya a ƙasa shi kaɗai, sai takwas suna hawa a hankali, sai biyu can sama.

A kula: giraf ɗin daga waje yake farawa ya shiga ciki. Daga hagu 1,8,2 za ka karanta, amma jerin atom 2,8,1 ne, don haka daga dama ake karanto shi. Maɓallin log kuma daban yake da ln, kada ka haɗa su a giraf ɗaya.

Mataki na 8: Sauya ma'auni

Wannan gajere ne. Elektaron-bolt ɗaya daidai yake da kilojul 96.5 kan mol. Haidurojin 13.6 ne, ka ninka da 96.5 ka samu 1312. In an ce na atom guda ɗaya ake so, mayar da kilojul zuwa jul ta ninkawa da 1000, sannan ka raba da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³. Na haidurojin zai ba ka jul 2.18 × 10⁻¹⁸. In nauyi aka ba ka, fara nemo mol: giram 4.6 na sodiyam a yanayin gas mol 0.2 ne, a ninka da 496, kilojul 99.2.

A kula: mantawa da 1000 ɗin nan ya fi kowane kuskure yawa a wannan mataki. Rubuta ma'auni kusa da kowace lamba tun daga layin farko.

Mataki na 9: Gwada kanka, ka rufe amsa da hannu

Na ɗaya: 787, 1577, 3232, 4356, 16091. Wane rukuni? Rabawa ta ba da 2.0, 2.0, 1.3, 3.7. Tsalle bayan ta huɗu, rukuni na 4. Silikon ne.

Na biyu: sinadarai biyu ne da aka ɓoye sunansu, P na da 738, 1451, 7733, Q kuma 590, 1145, 4912. Dukansu tsallensu bayan ta biyu ne, rukuni na 2. Wanne ke ƙasa a teburi? Q, domin lambobinsa sun fi ƙanƙanta, alamar ƙarin zagaye. P magniziyam ne, Q kalsiyam.

Na uku: makamashin farko na magniziyam ya fi na sodiyam. Na biyu fa? A nan kada ka kalli teburi, ka rubuta jerin ayon ɗin. Na⁺ 2,8 ne, elektaron ɗin da za a cire a cikakken zagaye na biyu yake. Mg⁺ 2,8,1 ne, nasa yana zagaye na uku. Na sodiyam 4562, na magniziyam 1451, wato abin ya juye.

Na huɗu, wanda na fi so ka daɗe a kansa: Ne, Na⁺, Mg²⁺ da Al³⁺ duk elektaron 10 gare su, jerinsu ɗaya, 2,8. Jera su daga mai sauƙin cire elektaron zuwa mai wuya. Zagaye ɗaya ne, masu tarewa ɗaya ne, tambaya ta farko kaɗai ta rage, wato furoton: 10, 11, 12, 13. Jerin ke nan yadda aka kawo su, lambobinsu kuma 2081, 4562, 7733 da 11577.